Famfon Tsakar Gida: A Gyara Shi Ko a Sa Sabo?

A gidajenmu na birni babu abin da ke shan aiki kamar famfon tsakar gida. Tun assalatu ake murɗa shi don cika buta, da hantsi a jibge masa kwanukan wanke-wanke, ranar wanki kuwa ba ya samun sararawa sai la'asar sakaliya. Rana ta dake shi, ƙurar hunturu ta shiga gaɓoɓinsa, yara su rataya masa bokiti cike da ruwa, manya su danne shi iya ƙarfinsu don su tabbatar ya rufu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan wata rana ya soma ɗiga. A ranar ce gardama ke tashi. Uwargida ta ce, "Malam, a kira mai gyara ya duba famfon nan, roba ce kawai ta cinye." Maigida ya ce, "Ke dai bari, gyara nawa aka yi masa? A cire shi a sa sabo kowa ya huta." A gidan haya kuwa gardamar ta fi haka tsawo, domin kafin a kai ga batun gyara ko saye, sai an fara warware wanda zai biya.

Wani zai ga maganar ba ta kai a zauna a kanta ba. To, mu yi lissafi. Dare da rana sakan 86,400 ne. Masana harkar ruwa kan ƙiyasta cewa ɗigo wajen 4,000 ke cika lita guda. Ke nan famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowane sakan yana zubar da sama da lita 21 kullum, kusan jarka guda ta 'yan garuwa mai cin lita 25. A wata ɗaya jarka 26 ke nan suka bi rariya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a rana don sha da girki da 'yar tsabta. Ashe famfo mai ɗiga yana cinye rabon mutum guda a cikin gida.

A Kano, ruwan da ke fitowa daga matatun Challawa da Tamburawa da Watari ba kowace unguwa yake isa kullum ba. Gidaje da yawa sun koma kan rijiyar burtsatse da tankin sama, wasu kuma kan kurar 'yan garuwa. Ruwan da ke cikin tanki da wutar lantarki ko da fetur aka hau da shi, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da tayar da janareta ke ci. Ruwan da aka saya da kuɗi ne ke tsiyaya a ƙasa, kuma inda ya taru nan gansakuka ke fitowa, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, gindin katanga ya jiƙe har siminti ya soma ɓarewa. Don haka ɓangarorin biyu sun yarda ɗigon ya tsaya. Saɓaninsu a kan hanyar tsayar da shi ne.

Abin da ke cikin famfo

Ba za a fahimci hujjar kowa ba sai an san yadda abin yake daga ciki. Famfon da muka taso muka gani, wanda ake murɗa kansa sau uku ko huɗu kafin ya rufu, tsohuwar fasaha ce. Wani kamfanin maƙeran tagulla mai suna Guest and Chrimes a garin Rotherham na Ingila ne ya yi rajistarta a 1845, kuma har yau tsarin bai sauya ba. Akwai sanda mai tiredi a tsakiya. A ƙasanta akwai 'yar roba mai faɗin kwabo, wadda masu gyara ke kira washa. Idan aka murɗa kan, sandar ta sauka ta danna robar a kan bakin ramin da ruwa ke fitowa, ruwa ya tsaya. A wuyan famfon kuma akwai ƙaramin noti da ke matse wani zare ko zoben roba a jikin sandar, don kada ruwa ya biyo ta sama.

Daga baya aka kawo mai hannu, wanda ake juyawa sau ɗaya ya buɗe ko ya rufe. A cikinsa ƙwallo ne mai huda a tsakiya: idan hudar ta daidaita da bututu ruwa ya wuce, idan ta juya ya tsaya. Sai kuma na roba, mai sauƙin kuɗi, wanda ya cika kasuwa. Mafi yawan famfunan gida rabin inci ne, wasu kuma kashi uku cikin huɗu na inci.

Yoyo kuma wuri huɗu yake fitowa: ta baki, ta wuya ƙarƙashin hannu, ta mahaɗar famfo da bututu, ko ta tsaga a jikin famfon kansa. Yawancin gardamar da ake yi a gida ana yin ta ne ba tare da wani ya durƙusa ya duba ta ina ruwan ke fita ba.

Hujjar masu cewa a gyara

Hujjarsu ta farko ita ce yawancin ciwon famfo ƙarami ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyara ya ga yadda aikin yake. Zai fara rufe ruwa daga tanki, ya buɗe famfon sauran ruwan ya tsiyaye. Sai ya kama jikin famfon da hannu ɗaya don kada ya juya, ya sa sifana a babban notin, ya ɗan buga ta da tafin hannu har ya saki. Idan ya zaro sandar, ga robar nan a ƙasanta ta yi baƙi, ta baje, tsakiyarta ta yi zoben rami inda ta daɗe tana cizon ƙarfe. Ya ɓanɓare ta, ya sa yatsa ya share yashin da ya taru a gurbin, ya ɗora sabuwa, ya mayar. Kafin shayi ya huce an gama. Idan ta wuya yake yoyo, sau da yawa ɗan matse ƙaramin notin nan kaɗai ya isa. Idan ta mahaɗa ne, a kwance a naɗa farin tef a kan tiredin, a naɗa shi ta ɓangaren da famfon ke shiga don kada ya warware. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: don me za a jefar da dunƙulen tagulla saboda 'yar robar da kuɗinta bai kai na kunun safe ba?

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Suna cewa sabon da za a sayo ba lalle ya kai tsohon ba. Ɗauki tsohon famfon tagulla a hannun dama, ka ɗauki irin wanda ya fi yawa a rumfuna yanzu a hagu, nauyinsu kaɗai zai faɗa maka labari. Da yawa daga cikin masu ƙyalli ɗin nan haɗin tutiya ne aka shafe da launin azurfa ko na zinare. Ba sa jure ɗauri da sifana, tiredinsu kan karye a cikin soket, hannunsu kan tsinke a bar mutane suna buɗe ruwa da filaya. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, kayan famfo na kirki da ake shigowa da su sun yi tsada, masu ƙaramin ƙarfi suka koma kan na araha. A ganin masu cewa a gyara, wanda ya cire tagullar da ta shekara ashirin tana aiki ya sa irin wannan, ya yi musayar da zai yi da-na-sani a kanta.

Hujja ta uku ta shafi tsofaffin gidaje. A unguwannin da aka ja ruwa tun shekarun baya, bututun ƙarfe ne a cikin bango, kuma tsatsa ta gama cin bakinsa. Famfon da bututun sun manne sun zama abu ɗaya. Ranar da aka sa ƙarfi za a kwance, bakin bututun na iya karyewa a cikin katanga, sai aikin minti goma ya koma fasa bango, sayen siminti da kiran magini. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Sauya roba kuwa ba ya taɓa mahaɗar ko kaɗan, jikin famfon yana nan inda yake.

Hujja ta huɗu ta tarbiyya ce. Mu mutane ne da suka gaji gyara. Wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya ga yadda ake tayar da abin da wasu suka yanke wa ƙauna. Yaron da ya ga mahaifinsa ya kwance famfo ya sa roba ya mayar, ya koyi cewa kayan gida amana ne da ake kula da su. Wanda kuwa ya saba ganin ana jefarwa da zarar abu ya yi tari, haka zai yi wa keke da fanka da duk abin da ya mallaka nan gaba. Addini ma ya hana almubazzaranci, kuma jefar da abin da ke da sauran amfani yana cikinsa.

Hujjar masu cewa a sa sabo

Su ma ba su zo hannu rabbana ba. Abin da suke fara cewa shi ne, masu son gyara suna magana ne a kan famfon da ya soma ƙaranci a gidaje. Gidan da aka gina cikin 'yan shekarun nan, da wuya ka samu tagulla mai murɗawa a tsakar gidansa. Mai hannu ne ko na roba. Mai hannu idan zoben da ke riƙe da ƙwallonsa ya cinye, ba kasafai ake samun kayan gyaransa a kasuwa ba, wasu ma an haɗa su ne yadda ba za su kwantu ba. Na roba kuwa rana ce ajalinsa: zafinta kan busar da shi har ya yi fari ya soma tsagewa, kuma gam ba ya riƙe tsagar da ruwa ke turawa daga ciki. A irin waɗannan, in ji su, maganar gyara ɓata lokaci ce.

Na biyu, ko a famfon tagullar ma ba kullum robar ce mai laifi ba. Ruwan burtsatse kan zo da yashi, ruwan gari ma idan ya dawo bayan ɗaukewa yakan turo laka da ɓarɓashin tsatsa. Ɗigon da aka bari wata da watanni yana sassaƙa 'yar hanya a bakin gurbin da robar ke zama. Da zarar gurbin ya yi wannan tabo, ko sabuwar roba aka sa, mako kaɗan za ta yi ya yanke ta. Akwai ƙarfen da ake goge gurbin da shi ya koma sumul, amma masu gyara kaɗan ne ke yawo da shi. Abin da aka fi gani shi ne a yanko roba daga tsohon silifa ko tayar mota a cusa. Yau a gyara, jibi ya dawo. Kowane zuwa kuma sai an biya kuɗin aiki da na abin hawa. Idan aka tara kuɗin zuwa uku, in ji su, ya sayi famfo mai kyau har da canji.

Na uku, akwai lalacewar da haƙuri da ita ganganci ne. Famfon da tiredin sandarsa ya mutu, ka murɗa ya yi ta juyawa ba ya kamawa, ko wanda jikinsa ya tsage, ba ya ba da sanarwa ranar da zai saki gaba ɗaya. Yana iya yi da tsakar dare. A wayi gari tanki ya ƙare ƙaf, tsakar gida ta zama tafki, yara za su makaranta babu ruwan wanka. Asarar dare ɗaya irin wannan ta fi kuɗin sabon famfo.

Na huɗu, sauyi dama ce ta samun abin da ya fi dacewa da zamanmu. Inda ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, kowa ya san abin da ke faruwa: a buɗe famfo a ji shiru, a tafi a manta ba a rufe ba, ruwa ya zo cikin dare ya kwana yana zuba. Famfo mai murɗawa ba ya nuna a buɗe yake ko a rufe. Mai hannu kuwa daga bakin ƙofar ɗaki za ka hango inda hannun ya dosa. Tsohuwa mai ciwon gaɓɓai da ƙaramin yaro duk suna iya rufe shi ruf ba tare da sun yi kokawa da shi ba. Akwai kuma masu wurin sa kwaɗo, ga gidan da ke son taƙaita ɓarna.

Idan aka ɗora su a sikeli

Na saurari ɓangarorin biyu, kuma abin da na lura shi ne kowannensu yana da gaskiya a kan irin famfon da yake tunani, ya kuma yi kuskure da ya mayar da hukuncinsa na kowane famfo.

Masu cewa a gyara sun yi daidai a kan tagulla mai murɗawa wadda jikinta ke lafiya. A nan hujjarsu ba ta da amsa. Inda suke zamewa shi ne wurin da suke kiran jinkiri da sunan gyara. Mu duba abin da aka fi yi a gidajenmu: a yanko tsohon tub na keke, a naɗe wuyan famfon tamau, a ɗaure da leda, a tara bokiti a ƙasa. Bokitin ya cika ya tumbatsa ba wanda ya lura. Bayan wata biyu tub ɗin ya tsinke a ƙara wani a kai. Wannan ɗaurin ba ya hana gurbi cinyewa, yana ma ba ɗigon lokacin da zai gama lalata shi. Famfunan da yawa da aka ce sun gagari gyara, da an sa musu roba a makon farko da har yanzu suna aiki.

Masu sauyawa kuma sun yi daidai a kan tsaga, da mataccen tiredi, da na roba da rana ta gama da shi. Inda nasu ke rushewa shi ne a bakin rumfar mai kaya. Mutum ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, mai shago ya ajiye masa kala uku ya ce, "Alhaji, wannan shi ne mai kyau, wannan na tsakiya, wannan kuma na maleji." Ya ɗauki na malejin, bayan wata uku ya dawo yana cewa kayan zamani ba su da albarka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk hujjar da suka kawo ta cewa saye ɗaya ya fi gyara uku tana tsayawa ne idan abin da aka sayo mai inganci ne. In ba haka ba, an koma saye uku a madadin gyara ɗaya.

Batun karyewar bututu a bango gaskiya ne, amma bai isa ya hana sauya famfon da ya mutu ba. Abin da yake nema shi ne hannun gwani: a riƙe bututun da sifana ɗaya, a juya famfon da ta biyu, a ɗan zuba mai a mahaɗar a bar shi ya jiƙa kafin a taɓa. Haka kuma zargin da ake wa masu gyara, cewa wani na son a yi ta kiransa, wani kuma na son a ba shi kuɗin saye ya ci riba, maganinsa mai sauƙi ne. Maigida ya tsaya a wurin, ya ce, "Malam, kwance ka nuna mini." Roba da ta cinye da gurbi da ya yi tabo duk ido na ganinsu, yatsa ma na jinsu.

Akwai wuri ɗaya da lissafin ke sauyawa. Bayin Allah da yawa da suka haƙa burtsatse sukan fitar da famfo ɗaya ko biyu ta bayan katanga don maƙwabta su ɗiba, sadaka mai gudana. Wannan famfon hannu ɗari ke taɓa shi a yini, kuma tagulla a waje tana jan idon ɓarayin ƙarafa. A nan ko dai a sa mai ƙarfi a kewaye shi da siminti ko ragar ƙarfe, ko a sa na roba a ajiye wani a gida, a san cewa sauya shi lokaci-lokaci wani ɓangare ne na sadakar. Abin da bai kamata ba shi ne a bar shi yana kwarara har layin ya zama taɓo, alheri ya koma abin ƙorafin maƙwabta.

A gidan haya kuma, abin da ya fi kusa da adalci shi ne masu amfani da famfon su ɗauki ƙaramin gyara irin na roba da tef, mai gida ya ɗauki sauya famfo da bututu, tunda kayan gininsa ne kuma shi za a bar wa. A faɗi wannan tun ranar karɓar makulli, don kada ruwa ya yi ta zuba ana jiran wanda zai fara sa hannu a aljihu.

Hukunci

Ra'ayina shi ne a fara da gyara, da sharaɗi biyu: famfon ya kasance irin wanda ake kwancewa, kuma a yi gyaran a makon da ɗigon ya fara. Idan ta baki ne, a sa roba ta gaskiya daidai girman gurbin. Idan ta wuya ne, a matse noti ko a sake zarensa. Idan ta mahaɗa ne, a sake tef. Idan an sa sabuwar roba yoyon ya dawo cikin 'yan makonni, gurbin ya tafi, kada a ƙara kashe ko sisi a kansa. Idan jiki ya tsage, ko tiredi ya mutu, ko na roba ne da ya bushe, a sauya a ranar, kuma a sayi mafi nauyin da aljihu zai iya ɗauka. Duk wanda aka zaɓa, a roƙi mai gyara ya sa makullin ruwa a bututun kafin famfon, domin gobe a iya tsayar da shi kaɗai ba sai an hau tanki ko an hana dukan gida ruwa ba. A kuma koya wa yara, da manya ma, cewa famfo mai murɗawa ana tsayawa ne da zarar ruwa ya yanke. Ƙarin dannawar nan ita ke kashe roba. Bokiti kuma a ajiye shi a ƙasa, kada a rataya shi a jikin famfo.

Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda na ruwa, abin da bai kai lita ɗaya ba. Al'ummar da ke koyi da shi bai dace ta kwanta barci famfonta na zubar da ruwan alwalar sama da mutum ashirin kowace rana ba. Ya mai karatu, idan famfon gidanka na ɗiga, ka duba ta ina ruwan ke fita yau, ka yanke hukunci a kan abin da ka gani, kada Juma'a mai zuwa ta same shi a ɗaure da tub.